Frankenstein, Dracula ko labaran Poe: da wane tsohon fim ɗin tsoro za ka fara?

Wani ƙanena ya gaji da fina-finan tsoro na zamani, irin waɗanda kowane minti biyar sai an buga wata ƙara don mutum ya zabura. Kwanaki ya tare ni ya ce, "Yaya, tsofaffin fina-finan nan da kake ta yabo, da wanne zan fara? Ka san dai data ba a ƙasa ake tsintar ta ba." A ranar na ba shi amsa a gurguje, na kuma kwana ina ganin ban kyauta masa ba, domin fina-finan nan ba tsoro iri ɗaya suke ba mutum ba, kuma wanda ya fara da wanda bai dace da shi ba zai iya rufe wayarsa a minti na ashirin ya ce duk shirme ne.

Salon da ake magana a kai shi ake kira gotik. Sunan ya fito ne daga tsarin ginin tsofaffin majami'un Turai masu dogayen hasumiyoyi da lungunan duhu, kuma a adabi ana ƙirga farkonsa daga littafin Horace Walpole mai suna The Castle of Otranto na 1764. Kayan aikinsa sanannu ne: tsohon gida mai ruɓewa, laifin da aka binne bai binnu ba, gawar da ta ƙi kwanciya, gadon da ya zama masifa ga magada. Fina-finan da suka fi shahara a wannan salo daga marubuta uku aka ɗebo su, wato Mary Shelley da Bram Stoker da Edgar Allan Poe. Abin da na lura da shi tsawon shekarun da nake kallon su shi ne, bin littafi sau da ƙafa ba shi ke sa fim ya yi kyau ba. Kusan dukkansu sun yi wa littattafan kwaskwarima mai yawa. Abin dubawa shi ne ko fim ɗin ya riƙe ainihin abin da ke sa mai karatu ya kasa barci.

Na fara da Frankenstein, don shi na ce wa ƙanen nawa ya fara da shi, kuma har yanzu ban sauya ra'ayi ba.

Mary Shelley tana da shekara 18 ta fara labarin, a 1816, a bakin tafkin Janiba da ke Suwizalan. A shekarar sanyi da ruwan sama sun hana mutanen Turai sakat, sakamakon aman wutar dutsen Tambora na Indonesiya a 1815, sai ita da mawaƙi Percy Shelley da Lord Byron suka maƙale a gida, aka yi gasar wanda zai ƙirƙiro labarin fatalwa. Littafin ya fito a 1818. A cikinsa halittar da wani ɗalibi mai suna Frankenstein ya harhaɗa daga sassan gawa tana magana da fasaha, tana karatu, tana kai ƙarar wanda ya yi ta ya gudu ya bar ta. Fim ɗin kamfanin Universal na 1931, wanda James Whale ya ba da umarni, ya ƙwace mata bakin gaba ɗaya. Boris Karloff, wanda ya fito a matsayin halittar, bai furta kalma ko ɗaya ba, sai gurnani da nishi. A takarda wannan babbar asara ce, amma a kan allo sai ta zama riba.

Duba yadda ya fara bayyana. Ya shigo ɗaki da baya, ya juyo a hankali, ga ƙoƙon kai a baje, ga fatar ido ta yi nauyi, kwalliyar da Jack Pierce ya tsara wadda har yau ita duniya ke gani idan an ambaci sunan. Sai aka buɗe tagar rufi, hasken rana ya sauko masa a karon farko. Ya ɗaga hannu biyu sama yana son ya kama shi. Aka rufe tagar. Hannayen suka sauko a buɗe, yana miƙa su ga wanda ya yi shi kamar yaron da aka karɓe wa abu a hannu. Daga nan zuwa ƙarshen fim mutum ba ya iya ƙin wannan halitta, ko da ta yi kisa. Haka ma wurin da ya tarar da ƙaramar yarinya a bakin tafki tana jefa furanni suna yawo a kan ruwa. Ta ba shi nasa, ya jefa, ya yi murmushi. Furanni suka ƙare, sai ya ɗauke ta ya jefa, yana zaton ita ma za ta yi yawo a sama. Hukumomin tace fina-finai sun yanke wannan wuri shekaru da dama, sai a shekarun 1980 aka mayar da shi, don haka ka nemi kwafin da aka gyara, domin in babu shi mutum zai zaci mugunta ce ta sa ya kashe ta. Sun kuma yanke wata maganar saɓo da mai haɗa halittar ya yi a lokacin da ya ga gawar ta motsa. Na ambaci wannan ne don kada ta zo wa mai kallo ba zato, kodayake fim ɗin kansa bai goyi bayanta ba: duk abin da ya biyo baya sakamakon wannan girman kan ne.

Tsawonsa minti 70 ne kacal, labarin a miƙe yake, kuma ko Turancin mutum bai nuna ba zai fahimci kusan komai daga fuska da motsi. Rauninsa shi ne batun ƙwaƙwalwa: an ƙara cewa yaron likitan da ya haɗa halittar ya fasa kwalbar ƙwaƙwalwa mai kyau, ya ɗauko ta wani mai laifi. Wannan ba ya cikin littafi, kuma yana neman ɓata ma'anar, don Shelley cewa take yi wulaƙanci da kora su ne suka mai da halittar mugu. Karloff ne ya ceci fim ɗin daga wannan kuskure da irin wasan da ya yi.

In ka gama da shi kuma ya yi maka, akwai hanya biyu. Bride of Frankenstein na 1935, shi ma na Whale, ya fi na farko ƙawa, kuma a nan ne halittar ta koyi magana a bukkar wani makaho da ya karɓe ta da abinci don bai ga fuskarta ba. Wannan ya fi kusa da zuciyar littafin. Sai dai fim ɗin cike yake da barkwanci, wanda bai ga na farko ba zai rasa inda aka dosa. Hanya ta biyu ita ce The Curse of Frankenstein na kamfanin Hammer na Ingila, 1957, mai kala. A nan an juya akalar: Peter Cushing, likitan, shi ne dodon. Mutum ne mai tsafta da ladabi wanda zai turo tsohon farfesa daga bene don ya samu ƙwaƙwalwarsa, ya wanke hannu ya zauna cin abinci. Halittar, wadda Christopher Lee ya fito a matsayinta, abin tausayi ce kawai a gefe. Wanda ke son ganin mugu mai hankali, wannan nasa ne, amma ba zai samu tausayin nan na 1931 ba.

Dracula ne inda zaɓi ya fi wuya, don manyan fina-finai uku ne daga littafi guda, kuma mutane sukan fara da mafi rauni a cikinsu saboda shi ya fi suna.

Kafin nan, wata 'yar magana kan suna. Sau da yawa nakan ji ana fassara irin su Dracula da maye. Akwai kama, amma ba ɗaya ba ne. Maye a al'adarmu rayayyen mutum ne da ake zargi da kama kurwa. Dracula kuwa matacce ne da ya ƙi ruɓewa, yana kwana a akwatin gawa cike da ƙasar garinsu, yana shan jinin masu rai, kuma wanda ya sha wa jini har ya mutu shi ma ya zama irinsa. Wannan yaɗuwar ita ce tushen tsoron littafin Stoker na 1897, wanda aka rubuta da sigar wasiƙu da littattafan ajiye sirri: baƙo ya taso daga Taransilbaniya, wani yanki da ke ƙasar Romaniya a yau, ya sayi gidaje a Landan, cutarsa na bin mutane ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya fi suna shi ne na 1931, na Tod Browning, wanda Bela Lugosi ɗan ƙasar Hungari ya ja. Minti ashirin na farko ba su da na biyu: keken doki a kan duwatsu, ƙaton zaure mai yanar gizo-gizo, Lugosi a tsaye kan matakala riƙe da kyandir yana jan kalmomi ɗaya-ɗaya. Amma da labarin ya iso Landan sai ya zauna a falo ya ƙi tashi. Dalili shi ne daga wasan dandamali aka ɗauko shi, wanda Lugosi ya yi a Broadway, unguwar gidajen wasan kwaikwayo ta New York, tun 1927, don haka abubuwa da yawa ba a nuna su, sai dai wani ya leƙa taga ya ba da labari. Ba a ga haƙoran ba, ba a ga jini a wuya ba, har kashe Dracula a bayan fage aka yi, nishi kawai ake ji. Babu ma kiɗan da ke rakiyar labarin. Ina girmama fim ɗin, kuma Dwight Frye da ya fito a matsayin wani mahaukaci mai cin ƙudaje ya yi abin a yaba, amma ba zan ba sabon shiga shi a karon farko ba.

Na Hammer na 1958, na Terence Fisher, shi ne kishiyarsa. Minti 82, babu ɓata lokaci. An watsar da tafiyar jirgin ruwa da zuwa Ingila, an matso da komai kusa don labarin ya yi gudu. Christopher Lee ya sauko daga bene da sauri, ya gaisa cikin fara'a kamar kowane mai gida, har ya ɗauki jakar baƙonsa. Bayan 'yan mintoci sai ga shi ya banko ƙofar ɗakin karatu, ido jajir, jini a baki, ya haye tebur kamar dabba. Daga nan maganarsa ta kusa ƙarewa a fim ɗin, jikinsa ne ke aiki. Ƙarshen kuma shi ne mafi daɗin kallo a duk fina-finan da nake lissafawa: Cushing, wanda a nan shi ne mafaraucin Dracula, ya ruga a kan dogon tebur, ya yi tsalle ya fizgo labule, rana ta shigo, ya haɗa sandunan kyandir biyu suka zama gicciye, Dracula ya rududduge ya zama toka. In abin da kake so shi ne fim ya riƙe ka ba tare da ka duba agogo ba, ka ɗauki wannan. Sai dai ka sani akwai jini ja a fili, kuma an fito da sha'awar da ke ɓoye a littafin, matan da ya cije suna jiran dawowarsa da taga a buɗe. Ba fim ɗin kallo da yara ba ne.

Na ukun shi ne ya fi tsufa, kuma shi ne har yau yake bi na cikin barci. Nosferatu, 1922, na F. W. Murnau, daga Jamus. Ba su nemi izini ba, sai suka sauya sunaye, Dracula ya koma Orlok, aka mayar da labarin wani garin Jamus a 1838. Matar marigayi Stoker, Florence, ta kai ƙara, kotu ta yanke a 1925 cewa a lalata dukkan kwafin fim ɗin. Wasu kwafi da suka riga suka fita ƙasashen waje ne suka tsira, shi ya sa muke ganin sa yau.

Orlok na Max Schreck ba shi da kwarjinin Lugosi ko kyan Lee. Kai ƙwal, kunnuwa masu tsini, haƙora biyu a gaba irin na ɓera, farata zaƙo-zaƙo. Kuma da ɓeraye yake tafiya. Jirgin ruwan da ya ɗauko akwatunansa ya shigo tasha shiru, babu mai rai a ciki, ɓeraye suka zubo gari, annoba ta barke. Akwai wurin da matar da Orlok ke hari take leƙowa ta taga tana ganin an jero akwatunan gawa a siririn titi, ɗaya na bin ɗaya. An yi fim ɗin shekara huɗu bayan ƙarewar yaƙin duniya na farko da ɓullar murar nan ta 1918, don haka masu kallon farko sun san wannan jerin gwano da idonsu. A ganina wannan fim, duk da satar da aka yi, shi ya fi kama abin da Stoker ke tsoro. Na kalle shi wani dare da aka ɗauke wuta, a waya, har zuwa inda inuwarsa ke hawa matakala, yatsun inuwar suna miƙewa zuwa ƙofa, sannan su sauka a ƙirjin matar su damƙe. Ban san lokacin da na tashi na duba sakata ba. A wannan fim ne ma aka fara nuna cewa hasken rana na kashe mai shan jini. A littafin Stoker yana yawonsa da rana, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa.

Yana da amfani biyu ga mai lissafin aljihu: babu magana a cikinsa sai 'yan rubuce-rubuce tsakanin hotuna, kuma saboda tsufansa ana samun sa kyauta a YouTube. Amma yana son haƙuri, kuma wasan wasu daga cikin 'yan wasan ya yi yawa ga idon yau. Ka nemi kwafin da aka rina, wanda dare ke fitowa shuɗi. Da rana aka ɗauki wuraren dare, don haka a kwafin da ba a rina ba sai ka ga Orlok ɗauke da akwatinsa yana ratsa gari da rana tsaka, abin ya rikice.

Sai Poe. Shi gajerun labarai ya rubuta, wasu shafi kaɗan, kuma tsoronsa a cikin kai yake: a binne mutum da rai, hankali ya gushe a hankali, laifi ya ƙi barin mai shi. Roger Corman ya yi fina-finai takwas da sunansa tsakanin 1960 da 1964, bakwai a ciki da Vincent Price. Biyu ne suka isa a yi musu dogon zama.

House of Usher na 1960 an ɗauke shi cikin kwana 15, kusan da mutum huɗu kawai da gida ɗaya. Price, gashi fari fat, ya fito a matsayin mutumin da jijiyoyinsa suka yi laushi har ƙarar taku ko hasken kyandir na yi masa zafi, ya kuma yi imani cewa jinin gidansu gurɓatacce ne, dole ya ƙare a kansa da 'yar'uwarsa. Marubuci Richard Matheson ya mai da baƙon da ke labarin Poe na 1839 ya zama saurayin yarinyar, don a samu wanda zai yi jayayya. Tana da ciwon da ke sa ta sandare kamar matacciya, sai yayanta ya sa aka rufe ta a akwati alhali ya ga yatsanta ya motsa. Babu dodo a fim ɗin nan, gidan ne ke tsagewa yana nishi. Wanda ke son a shiga da shi cikin damuwa sannu a hankali, ya fara Poe daga nan.

The Masque of the Red Death na 1964, wanda aka ɗauka a Ingila, ya fi shi kyan gani nesa ba kusa ba; Nicolas Roeg ne ya riƙe kyamara, kuma ɗakunan nan masu launi daban-daban da ake ratsawa har zuwa baƙin ɗaki suna zama a ido. Labarin basarake ne da ya kulle kansa da masu hannu da shuni a fada suna shagali, annoba na cin talakawa a waje, har mutuwa ta shigo musu liyafa sanye da jajayen kaya. Duk wanda ya ga yadda annoba ke bambanta mai shi da marar shi zai ji labarin a jikinsa. Amma an ƙara wa basaraken bautar Shaiɗan, abin da babu shi a labarin Poe na 1842, ana kuma nuna tsafin a fili. Na san mutane da dama da wannan kaɗai zai sa su kashe fim ɗin, kuma ban ga laifinsu ba.

Akwai guda biyu da ba na son in tsallake. Dr. Jekyll and Mr. Hyde na 1931, daga littafin Robert Louis Stevenson na 1886, wanda Fredric March ya ci kyautar Oscar da shi. Rikiɗar fuskarsa a gaban kyamara, daga likita Jekyll mai mutunci zuwa mugu Hyde, har yau abin mamaki ce, amma azabar da Hyde ke gana wa wata mata tana da wuyar kallo ƙwarai. Sai The Innocents na 1961, na Jack Clayton, daga labarin Henry James na 1898. Deborah Kerr ce malamar da aka ɗauka ta kula da marayu biyu a wani gidan ƙauye, ta fara ganin matattun ma'aikatan gidan. Fatalwa ɗaya da rana tsaka take bayyana, mace cikin baƙaƙen kaya tsaye a ciyayin tsallaken tafki, ba ta motsi, ba ta cewa komai. Har fim ya ƙare ba za ka tabbatar ba ko fatalwar gaskiya ce ko malamar ce ke zarewa tana jan yaran zuwa halaka. A wurina babu wanda ya kai shi ban tsoro a duk waɗannan, sai dai rabin tsoron a cikin maganganun yaran yake, don haka yana bukatar kunnen Turanci ko rubutun fassara mai kyau a ƙasan allo.

Ga yadda na sake tsara wa ƙanen nawa amsar. Dare na farko Frankenstein na 1931, don gajere ne, a fili yake, kuma zai nuna masa ko zai iya zama da fim marar kala. In ya ji ya yi masa sanyi, ya tsallaka kai tsaye zuwa Dracula na 1958. In kuwa shirun da inuwar sun yi masa, to Nosferatu, sannan House of Usher. Na Lugosi ya bari sai ya ga sauran biyun, a lokacin zai kalle shi da idon mai kwatantawa. The Innocents na ce ya ajiye shi a ƙarshe, ya sa abin sauraro a kunne biyu, domin da waƙar ƙaramar yarinya a kan baƙin allo fim ɗin ke farawa, tun kafin a nuna hoton komai.